Wa Zai Tsaya Maka a LinkedIn?

A nan Sabo, Ibadan, mun taso muna jin cewa yabon kai jahilci ne. Baƙo in ya sauko da shanu daga Arewa, mai masaukinsa ke tsaya masa. Shi ya san mahaucin da za a ba bashi, in kuma kuɗi ya maƙale, shi za a riƙe.

Yanzu ga 'ya'yanmu sun gama karatu, an ce su buɗe LinkedIn, su sa hoto, su jera abin da suka iya da bakinsu. Wasu nauyin baki ya hana su. To, wai rashin kunya ne?

Mu dai a ganinmu, a'a. Annabi Yusuf (AS) da kansa ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi kan taskokin ƙasa, ya kuma faɗi dalili. Wanda ya iya haɗa sola, in ya yi shiru, ina mai kamfani a Legas zai san da shi?

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen shaida. LinkedIn na da wurin da za ka danna, ka tabbatar cewa wane ya ƙware. Ɗan unguwa ya roƙe ka, ba ka taɓa ganin aikinsa ba, kara ta sa ka danna. Mai masauki in ya tsaya wa macuci, aljihunsa ke ji. Kai kuwa ko kwabo ba ka yi asara ba. Wanda ya ɗauke shi aiki ne zai biya, sai kuma yaron Sabo na gaba da zai nemi aiki a wurin.