Maganar Mamaci da Gonakin Auyo

Tun da Muhammadu Buhari ya rasu a Landan ranar 13 ga Yulin 2025, aka kai shi makwancinsa a Daura bayan kwana biyu, maganganunsa ke ta yawo a wayoyin mutane. 'Yan boko sun fi riƙe wadda ya faɗa ranar rantsuwa, 29 ga Mayun 2015, cewa shi na kowa ne, kuma shi ba na kowa ba ne. Mu a Auyo wata daban ce ta zauna mana a rai: mu noma abin da za mu ci, mu ci abin da muka noma.

Abin da ke damuna shi ne, ya halatta a auna maganar wanda ke kwance a kabari? Dattawanmu da yawa na ganin da zarar an ce Allah ya jiƙan rai, sai kowa ya kama bakinsa, domin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana zagin matattu. Wannan hani na karɓe shi hannu bibbiyu. Amma awo daban, zagi daban. Malaman hadisi sun tantance maruwaita da suka daɗe da rasuwa, suka ce wane amintacce ne, wane haddarsa da rauni, ba wanda ya kira wannan cin naman mamaci. Sun yi ne don masu rai za su yi aiki da maganar, mu ma kuwa da maganar Buhari muke shuka.

To mu auna. Ya rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, shinkafar gida ta yi daraja. A Janairun 2023 ya tako da ƙafarsa har Auyo ya buɗe aikin noman rani na Kwarin Haɗejiya, kuma duk wanda ya ga koren shinkafa a fadamarmu cikin bazara ya san ba fatar baki ba ce. Sai dai a zamaninsa ne ambaliyar 2020 da ta 2022 suka cinye gonaki, ciyawar kacala ta ci gaba da toshe hanyoyin ruwa, kuɗin taki ya gagari ƙaramin manomi, magidanci ya riƙa auna kwanon shinkafa da fargaba. Duka biyun gaskiya ne, wanda ya ɓoye ɗaya ya ci amanar shaida.

Hisabinsa yana wurin Ubangijinsa, Allah ya gafarta masa. Masu riƙe da madatsar ruwan aikin noman ranin nan da magudananta kuwa suna raye, suna ji. Manoman Auyo, idan mun shafa masa addu'a, mu je mu tambaye su yaushe za a kwashe kacala kafin damina ta faɗi.