Bangon Ɗakin Umma

Da safe na sauko daga aikin dare, na biya kasuwar Utaiƙa in sayi dabinon da zan aika gida. Duk wanda ya san kudancin Riyad ya san kasuwar nan, da kayan lambunta da layin masu dabino, kwali a kan kwali, ga sukkari ga khalas ga ajwa. Ina tsaye gaban wani dattijo muna ciniki sai saƙon Yaya ya shigo zauren WhatsApp na gidanmu. Hotuna huɗu ne na ɗakin Umma, an kwashe komai, ba abin da ya rage sai bango. A ƙasa ya rubuta: "Mai tayil zai zo ranar Asabar. Za a ɗaure bangon gabas da tayil har ƙirji, a yi POP, a yi fenti. Dillali ya ce in an yi haka kuɗin gidan zai tashi sosai."

Sai da na sake karanta kalmomin nan biyu, bangon gabas.

Baba ya gina gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi a 1981. Ya daɗe da rasuwa, Umma ta bi shi bara, Allah ya jiƙansu. Mu huɗu suka bari: Yaya, ni, ƙanena, sai Auta. Kowa ya yarda a sayar a raba. Bayan bangon gabas akwai lambatun layi, kuma da shekaru suka yi ta tafiya layin ya yi tudu, gidan ya koma ƙasa. Duk watan Agusta ruwa yakan tsattsafo ta gindin bangon, danshi ya hau har gwiwa, fenti ya kumbura ya ɓare, wani farin gishiri ya fito. Umma ta san halinsa, shi ya sa ta ɗora ƙafafun kabad ɗinta a kan bulo. Amma a watan Maris muke shirin sayarwa, lokacin da bangon ya bushe ƙarau kamar bai taɓa ganin ruwa ba.

Bari in fara da abin da ban yi gardama a kansa ba, ko da yake shi ya fi yi mini ciwo. Ɗakin Umma ɗakin matan zamaninta ne. Kabad mai gilashi cike da langa da samira da fanteka masu furanni, an jera su daga manya zuwa ƙanana, yawancinsu ba a taɓa zuba abinci a ciki ba. Gadon ƙarfe mai rumfa, ledar ƙasa da ta ƙoƙe a bakin ƙofa, labule mai geza, kalandar shekarar da ta sauke farali. Kakarmu da ƙwarya da tasa ta yi nata jeren, Umma ta yi da kwanon ƙarfe, mu da tangaran da kuloli aka kai mu ɗaki, yaran yanzu kuwa kujerun Turkiyya suke nuna mana a waya. Kowane zamani yakan leƙa ɗakin na bayansa ya ce ƙauyanci ne.

A Riyad ma haka abin yake. Ka je Harajin Ibn Ƙasim ka ga tsofaffin kujerun majalisa masu ruwan gwal an jibge su a rana, masu su sun gaji da ganinsu. Sannan ka je Suƙ al-Zal, kusa da fadar Masmak, ka ga tsohuwar butar gahawa da kakar wani ta yar ana yi mata kuɗi mai tsoka. A Dir'iyya, unguwar Turaif da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2010, mutane suna ɗaukar hoto a jikin bangon ƙasa irin wanda muke rushewa a cikin birnin Kano. Don haka ban ɗauki kalmar "tsohon yayi" a bakin komai ba. Duk da haka na yarda a kwashe jeren, a ɗaga ledar, a sauke labulen. Mai saye ba kwanukan Umma zai saya ba. Ɗaki da fili zai saya, kuma in an kwashe kaya zai fi ganin faɗin ɗakin, in an ɗaga leda zai ga simintin da ke ƙasa, da kyansa da tsaginsa. Irin wannan gyaran ƙara wa idon mai saye haske yake yi.

Tayil ɗin bangon gabas fa? Shi ne na tsaya a kansa, kuma aikina ne ya koya mini tsayawar.

Kowace safiya kafin mu miƙa aiki mukan gyara marasa lafiya. A goge musu jiki, a canza zanin gado, a taje gashi, a sa sabon bandeji. Ba wanda ya taɓa ce mana mun yi yaudara, mutunci ne. Amma idan akwai gyambon kwanciya a ƙugun tsoho, na rufe shi da farin bandeji tsaf, sannan na miƙa aiki ban faɗa wa wadda ta karɓe ni ba, ban rubuta ba, to na cuci mutum biyu: mai ciwon da abokiyar aikina. Bandejin ɗaya ne a duka halin biyu. Abin da ya bambanta shi ne ko bakina ya faɗi abin da hannuna ya rufe.

Na rubuta wa Yaya haka, cikin ladabi, na ce in za a sa tayil a sa, amma a gaya wa mai saye dalili. Bai amsa a rubuce ba. Saƙon murya ya turo, na minti shida, na saurare shi a cikin mota. Ya ce ciniki ido ne, duk wanda zai sayi gida a Kano ya san ya zo da maginin da zai duba masa. Ya ce ko amarya sai an yi mata lalle da kwalliya, ba wanda ya ce an yaudari ango. Ya ce wataƙila ma mai sayen rushewa zai yi ya ɗora bene. Sannan ya zo kan wadda ta huda ni: "Ke kina Saudiyya kina karɓar riyal, gaskiya ba ta da tsada a wajenki. Mu da ke nan, a aljihunmu za a biya ta."

Hujjojinsa uku na farko ina da amsarsu, kuma dattijon nan mai dabino ne ya ba ni ta farko ba tare da ya sani ba. Manyan 'ya'ya yake jerawa a saman kwali, kowa a kasuwar ya san haka ake yi. Da na ce ina son ganin na ƙasa sai ya yi dariya ya turo mini kwalin ya ce in tona har gindi. Jerensa ado ne, domin hannuna yana iya shiga. Bayan tayil kuwa hannu ba ya shiga, kuma babu maginin da zai hango ruwan Agusta a watan Maris. Mu kaɗai muka san shi, kuma mun zaɓi tayil ne daidai inda ya dace ya toshe idon wanda bai sani ba. Batun amarya kuma, lalle halal ne, amma duk mun san auren da ya mutu a wata uku saboda dangi sun ɓoye wata lalura da suka sani. Cewa kuma mai saye zai iya rushewa, to in haka ne me zai hana a gaya masa? In rushewa zai yi ai labarin danshi ba zai dame shi ba. Tsoron faɗa da muke yi shi ne shaidar cewa mun san maganar tana da nauyi.

Akwai hadisin da Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, wanda muka haddace tun muna Islamiyya ban taɓa lura da wani ɓangarensa ba sai bana. Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci, ya zura hannu cikin tsibin ya ji jiƙa. Mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Ba a zarge shi da jiƙawar ba, ai ba shi ya saukar da ruwa ba. Abin da aka tambaye shi shi ne me ya hana ya ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, daga nan aka yi gargaɗin nan mai tsanani a kan algus. Mu ma ba mu muka tayar da layi ba, ba mu muka toshe lambatu ba. Danshin ba laifinmu ba ne. Inda za mu ajiye shi ne aka bar mana. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda malamanmu na gida suke karantarwa, a babin ciniki ta hana mai kaya ɓoye duk abin da in ya faɗe shi mai saye zai ƙi kayan ko ya rage kuɗi. Wannan ma'aunin ya huce mini wani ruɗani, don na fara tambayar kaina ko sai mun lissafa kowace ƙusa da ta yi tsatsa. A'a. Abin da mutum zai gani da idonsa in ya duba, nasa ne ya duba. Abin da ba zai gani ba, kuma da ya sani da ya canza lissafi, namu ne mu faɗa.

A nan Saudiyya hukuma ta wajabta wa 'yan kwangila inshorar aibin ɓoye ta shekara goma a kan sababbin gine-gine. Wanda zai sayi tsohon gida a Kano ta hannun dillali, a gaban mai unguwa da shaidu, ba shi da wata inshora sai bakin mai sayarwa. Kuma 'yan'uwa mazauna waje, mu ne muka fi kowa zama irin wannan mai sayen. Mutum nawa a cikinmu, daga Jidda zuwa Landan, suka tura gumin shekaru aka sayi gida ta bidiyo, suka ga POP yana sheƙi da fitilu masu launi, sai da damina ta sauka suka san kwanon da ke samansa ya shekara arba'in? Mukan zagi waɗanda suka yi mana haka. Ban ga yadda zan zauna cikin masu zagin ba bayan na sa hannu an yi wa wani.

Maganarsa ta ƙarshe ce ba ni da amsarta a baki, domin gaskiya ya faɗa. Gado kashi shida za a yi shi: maza biyu-biyu, mata ɗaya-ɗaya. Duk abin da aka rage a kuɗin gidan, kashi ɗaya cikin shida ne kawai zai taɓa ni, ni da nake da albashi duk wata. Yaya yana da bashi a Kantin Kwari da yara a makaranta. Ƙanena da rabonsa zai yi aure. Auta mijinta ya rasu, tana gidan haya da marayu uku, ba ta ce komai a zauren ba, kuma shirunta ya fi saƙon Yaya nauyi a kaina. Na kwana biyu ina juya abin. Talaucin 'yan'uwana bai halatta a cuci baƙo ba, wataƙila shi ma mai sayen gumin rayuwarsa ne ya tattaro. Amma kuma wanda ya kafe a kan gaskiya alhali wasu ne za su biya kuɗinta, bai gama aikinsa ba. Da sauƙi mutum ya zama waliyyi da dukiyar wani.

Abin da na iya shi ne na sa hannu a aljihu. Na roƙi ƙanena ya samo magini a yi gyaran gaske, a kwashe lambatun a gyara shi, a fasa filastar gindin bangon a sake yaɓe da maganin hana ruwa, ni zan biya. Ya fi tayil tsada. Maginin, Allah ya saka masa, ya ce ba zai ɗauki alkawarin ruwa ya daina ba sai ya ga damina ɗaya ta wuce. Ke nan ko bayan gyara sai an faɗa. Sauran gidan aka yi masa fenti fari, aka canza ƙofar banɗaki da fitilu, aka bar silin yadda yake, ba a yi POP ba. Ranar da mai saye ya zo, ƙanena ya nuna masa wani bidiyo da na tura masa. Umma ce ta ɗauke shi da wayarta a Agustan ƙarshe da ta gani a duniya, ta aiko mini nan Utaiƙa, tana nuna ruwan tana cewa, "Kin ga baƙon namu ya sake zuwa."

Mutumin ya saya, amma ya rage kuɗi, kuma ragin ba kaɗan ba ne. Daga rabona na cike wa Auta giɓinta duka, na cike wa maza abin da ya samu, bai kai ba. Ba zan ce muku washegari wata albarka ta sauko kowa ya gani ba. Yaya har yau in na gaishe shi "lafiya lau" kawai yake amsawa, ni kuma ban daina gaishe shi ba, ban kuma ga laifinsa sosai ba, don da ni ce a Kwari da bashi a wuya ban san abin da zan rubuta a zauren nan ba. Ina roƙon Allah ya sanyaya tsakaninmu kafin azumi.

Kwanukan Umma an raba wa jikoki mata da maƙwabta. Auta ta ware mini langa biyu masu jan fure, wata 'yar'uwa da ta zo Umara ta kawo su Makka, daga can aka turo mini Riyad. Suna kan firji a ɗakina. Ɗaya ta ɗan ɓantare a gindi, baƙin ƙarfen ya fito, tsatsa ta fara ci. Da farko na juya wajen ya kalli bango. Da na dawo daga aiki na tsaya na dube ta, sai na juyo da shi waje.