Filin Wasa A Kan Kufan Talakawa: Ina Iyakar Maslaha?

 

A birnin Los Anjalas na ƙasar Amurka akwai wani babban filin wasan besbol, wato wasan nan da ake dukan ƙwallo da kulki, mai ɗaukar 'yan kallo 56,000. Ƙungiyar Dodgers ce ta gina shi, aka buɗe shi ran 10 ga Afrilu, 1962. Kafin nan wurin unguwannin talakawa ne 'yan asalin Meziko, a wani kwari da ake kira Chavez Ravine.

Cikin 1950 hukumar gidaje ta birnin ta aika wa mazauna wurin takarda cewa su sayar da gidajensu, za a gina wa marasa ƙarfi gidaje masu sauƙin haya, su ne kuma za a fara ba. Yawancinsu suka karɓi abin da aka ba su suka tashi. Cikin 1953 aka zaɓi sabon magajin gari, Norris Poulson, aka soke shirin. Da Walter O'Malley ya ƙaurar da ƙungiyarsa daga Brooklyn, sai birnin ya yi musayar wannan ƙasa da shi, jama'a suka amince da ƙuri'a cikin Yunin 1958, da ɗan rinjaye kaɗan. Ran 8 ga Mayu, 1959, 'yan doka suka fitar da wani iyali da suka ƙi tashi, har da ɗaukar wata mata cak, aka rushe gidan a gabansu.

To, shin hukuma tana da ikon tilasta wa mutum sayar da gidansa? Malaman fiƙihu sun ce tana da shi, idan masallaci ya yi wa jama'a kaɗan ko hanya ta ƙuntata, muddin an biya ƙima ta adalci. Sayyidina Umar ya yi haka cikin shekara ta 17 bayan Hijira, sa'ad da ya faɗaɗa Masallacin Harami: waɗanda suka ƙi sayarwa ya rushe gidajensu, ya ajiye musu kuɗinsu har suka karɓa. Amma a duba yadda Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya yi da filin marayu biyu, Sahlu da Suhailu, a Madina. Kyauta suka miƙa, ga shi kuma masallaci za a gina, duk da haka ya ƙi karɓa sai da saye.

Wasa a kan kansa ba shi ne abin zargi ba, kuma O'Malley da kuɗin ƙungiyarsa ya yi ginin, wajen dala miliyan 23. Mutane sun sami aiki, gari ya sami haraji. Inda gizo ke saƙar shi ne dalilin da aka karɓi ƙasar ba shi aka cika ba. An ce gidajen talakawa, sai ga filin da ba a shigarsa sai da tikiti, ribar kuwa ta mai ƙungiya. Mutumin da ya sayar don an yi masa alkawarin sabon gida, yardarsa a rataye take ga alkawarin. Idan alkawari ya faɗi, yarda ta faɗi tare da shi. Ƙuri'a ma ba ta gyara wannan, gama masu rinjaye ba sa kyauta da abin da ba nasu ba.

Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda cikin 1988, ta yanke cewa kada a juya dukiyar da aka karɓa haka zuwa neman riba, kuma idan an fasa abin da aka karɓe ta dominsa, mai ita na fari ko magadansa su suka fi cancantar a mayar musu bisa ƙima ta adalci. Bisa wannan ma'auni, tun 1953 ya kamata a kira mutanen kwarin nan su komo ƙasarsu, shekara 9 kafin a buga wasan farko a kanta.