Allah Yana Zagawa Cikin Zango

19 ga Nuwamba
Karatun yau: Maimaitawar Shari'a 23:12-14, Nehemiya 4:7-9

Da wuya a ji mai wa'azi ya tsaya kan ayoyin nan. Ana tsallake su saboda zancen bayan gida ne, ba ya daɗin faɗi a kan bagade. Amma Allah bai ji nauyin faɗa wa Musa ba. Ya umarci rundunar Isra'ila su keɓe wuri a bayan zango, kowane mayaƙi ya riƙe abin tona rami cikin kayansa, in ya biya bukatarsa ya binne. Dalilin kuwa mai ban tsoro ne. Ubangiji da kansa yana zagawa a tsakiyar zangon domin ya kuɓutar da su daga maƙiya, ba ya kuwa so ya tarar da ƙazanta har ya juya musu baya. Ka lura, ɗan'uwa, nasarar yaƙi aka ɗaura a kan wannan al'amari da muke rainawa.

Wani zai ce, "Ai su ma bayan gari suke fita kamar mu." Su rundunar yaƙi ce, yau suna nan, gobe sun kwashe tantuna, duk da haka sai da aka ce su binne. Mu kuwa a Bafarawa da Isa da Sabon Birni zaune muke, gida kusa da gida, rijiya a bakin ƙofa. Abin da aka bari a fili da rani, ƙuda ya ɗauko shi ya sauke a kan tuwo da furar yara. Da damina ta sauka, ruwa ya kwashe shi zuwa kududdufai da rijiyoyin fadama da gulabe irin su Bunsuru da Gagare masu zubawa cikin Rima. Wanda ke can ƙasa ya ɗiba ya sha. Haka amai da gudawa ke shiga gida. A shekarar 2021 kwalara ta kashe fiye da mutum 3,000 a Najeriya, jihar Sakkwato ma ta binne nata.

Mu masu addu'a ne, Halleluya! Muna azumi, muna tsauta wa cuta cikin sunan Yesu, Allah kuma yana warkarwa har gobe. Sai dai akwai mutumin da zai kwana yana ɗaure ruhun ciwo, gari ya waye ya tura 'ya'yansa bayan katanga. Wannan ya buɗe wa ɓarawo ƙofa ne yana ihun a kama shi. Nehemiya da mutanensa sun yi addu'a, suka kuma sa masu gadi dare da rana. Dukan biyun aikin bangaskiya ne.

A ƙasarmu ta Gobir zancen ya fi haka nauyi. Kowa ya san halin da daji yake ciki saboda 'yan bindiga. Matar da gidansu babu salga tana daurewa wuni guda, sai duhu ya rufa ta fita bayan gari, a daidai lokacin da ko namiji ba ya son yin nisa da gida. Maigida, kai da ka ce kana ƙaunar iyalinka, ina hankalinka ke kwanciya? Ga kuma waɗanda suka gudo daga ƙauyuka suka cunkushe a makarantu da kangaye, wasu har sun ƙetara Gidan Rumji a jihar Maraɗi. Zangonsu ma Allah yana zagawa a ciki.

Gwamnati ta sa hannu kan doka a 2019 cewa a daina bahaya a fili kafin 2025, ga shi har yanzu miliyoyi na fita daji. Amma Jigawa ta samu shaidar dainawa a 2022, mutanenta kuwa manoma ne kamarmu. Ba sai an jira Abuja ba. A haƙa rami nesa da rijiya, kamar mita 30, ta gangare. Inda ƙasa rairayi ce a gina bakinsa da tubali don kada ya rufta. A yi masa murfi, a riƙa zuba toka, a ajiye buta da sabulu a ƙofa. Kashin jariri ma cikin salga za a zuba, cutarsa ba ta gaza ta babba ba. Matasan ikkilisiya su haɗa gayya su haƙa wa gwauraye da tsofaffi, kada a tambayi addinin mai gidan. Dattawa kuma su duba, gidan sujadarmu yana da makewayi na mata da na maza, ko sai kayan kiɗa kawai muka saya?

Addu'a: Ya Uba, ka gafarta mana sakacin da ya jawo wa yaranmu ciwo. Ka ba hannuwanmu ƙarfin haƙa, ka tanada wa marasa hali. Ka tsare mata da 'yan mata da dare, ka komar da 'yan gudun hijira gidajensu lafiya. Cikin sunan Yesu, Amin.