KO MUTANEN INGILA SUN YI WA COCIL BUTULCI?

Ran 8 ga watan Mayu, 1945, da labari ya bazu cewa Jamus ta saduda, jama'a suka cika titunan birnin Landan maƙil, suna sowa. Winston Cocil, Firayim Ministan Ingila, ya fito bisa benen fada tare da Sarki Joji na Shida, aka yi ta kiran sunansa. Shi ne ya karɓi ragamar mulki ran 10 ga Mayu, 1940, sa'ad da rundunar Hitila ta doshi Faransa, ya yi ta ƙarfafa zukatan mutanensa shekara biyar har aka ga bayan abokin gāba. To, ba a cika wata uku da wannan murna ba, sai mutanen nan da suka yi masa sowa suka tuɓe shi da ƙuri'a.

Ga yadda abin ya gudana. An jefa ƙuri'a ran 5 ga Yuli, amma aka dakata da ƙirge har mako uku, don a tattaro ƙuri'un sojan da ke ƙasashe masu nisa. Ran 26 ga wata aka bayyana sakamako: daga cikin kujeru 640 na Majalisa, jam'iyyar Leba ta Kilement Atili ta sami 393, jam'iyyar Cocil kuwa kimanin rabin haka.

Mun taɓa karanta wa almajiranmu wannan labari a aji, wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ashe Turawa butulai ne!" Ba mu tsawata masa ba, gama maganarsa tana da ƙafa. Mu nan an hore mu da cewa wanda ya fid da kai daga rijiya ba ka juya masa baya. In dai za a yar da mutum da zarar an gama cin moriyarsa, wa zai sake sayar da ransa domin jama'a?

Amma a duba da kyau, samari. Godiya daban, amana daban. Godiya bashi ce ta abin da ya wuce, amana kuwa kaya ne da za a ɗora wa mutum ya kai gaba. Mai fito ya ƙetarar da kai kogi da damina, ruwa na tumbatsa, ya cancanci lada da yabo muddin ranka. Amma in ka isa gaci kana son gina ɗaki, ba dole ba ne ka damƙa masa ginin, sai in ka san ya iya. Ranar zaɓe ba a tambayi mutanen Ingila wanda ya cece su jiya ba. Abin da aka tambaye su shi ne wanda zai riƙe su gobe.

Kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Talakan Ingila bai manta ba cewa bayan yaƙin 1914 zuwa 1918 an yi wa soja alkawarin gidaje masu kyau, aka dawo ba a cika ba. Bai manta da wajen 1932 ba, lokacin da marasa aikin yi suka kusa miliyan uku. A 1942 wani masani, Wiliyam Bebarij, ya fitar da rahoto a kan yadda gwamnati za ta tallafi maras lafiya da tsoho da wanda ya rasa aiki, mutane suka yi ta rububin sayensa kamar littafin tatsuniya. Leba ta ce za ta aikata abin da ke ciki. Cocil kuwa, da ya hau rediyo ran 4 ga Yuni, sai ya tsoratad da jama'a cewa mulkin Leba ba zai tsaya ba sai da 'yan sandan ciki irin na Hitila. Wannan magana ta yi masa illa, don Atili ɗin da ake nufi shi ne mataimakinsa tun 1942, mutum mai sanyin hali, wanda kowa ya ga amincinsa cikin yaƙi.

Duk da haka ba za mu wanke masu ƙuri'a tas ba. Misalinmu na mai fito yana da rauni, gama a watan Yuli ba a gama ƙetare kogin ba tukuna. Ana nan ana gwabzawa da Japan, kuma manyan duniya suna zaune a Fotsdam, cikin Jamus, suna shawarar yadda za a shirya ƙasashen Turai. Cocil ya baro taron ya zo gida jin sakamako, bai koma ba. Atili ne ya je ya zauna gaban Sitalin na Rasha da Turuman na Amurka. Mai hankali yana iya cewa an yi garaje, ba mu kuwa da hujjar da za ta rufe masa baki ɗungum. Abin da muka ƙi yarda da shi kaɗai shi ne a kira shi butulci. Butulu shi ne mai musun alheri, su kuwa ba su musa ba. Mutanen mazaɓarsa ma sun mayar da shi kujerarsa a Majalisa. Da a ce ƙuri'a ladan aikin jiya ce, da duk jarumin da ya ci yaƙi ya mallaki ƙasa har mutuwarsa, ai kuwa irin wannan mulki ne aka zub da jini don a kawar.

Mu dai abin da ya fi ba mu mamaki a shekaran nan, halin shi wanda aka kayar. Ga tsoho mai shekara 70, soja na ƙaunarsa, duniya na jin sunansa, an kuwa ɓata masa rai ƙwarai. Amma a daren ran nan ta 26 ya tafi fada ya ajiye aiki, ya ba Sarki shawara a kira Atili. Bai ce an yi masa maguɗi ba, bai nemi ko bindiga ɗaya ta tsaya masa ba. Ya koma Majalisa ya zama shugaban masu hamayya, yana sukar gwamnati da baki, kamar yadda doka ta ba shi.

Akwai kuma wani abu da ya kamata ɗan makarantar ƙasarmu ya riƙe. Sa'ad da ake tattara ƙuri'un soja daga nesa, akwai dubban 'yan Nijeriya, da Hausawa da yawa a cikinsu, waɗanda suka yi yaƙi a dazuzzukan Bama ƙarƙashin tutar nan guda. Ba a tambaye su wanda suke so ba, don ba su da ƙuri'a. In ana lissafin wanda ke bin bashin godiya a 1945, sai a sa da su.

Gwamnatin Atili ta ba Indiya mulkin kai a 1947, ta kuma buɗe aikin magani kyauta ga kowa ran 5 ga Yuli, 1948, shekara uku cif da ranar zaɓen. A watan Oktoba, 1951, aka sake jefa ƙuri'a, jam'iyyar Cocil ta rinjaya a Majalisa, ya koma kujerarsa ta Firayim Minista yana da shekara 76.