Tattakin Neman Taimako Domin Iyaye Masu Cutar Mantuwa

Da sunan Allah Mai Rahama Mai Jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan'uwa Musulmi, yau za mu duba wata mas'ala da ke tasowa ga 'ya'yanmu mazauna Amurka da Ingila, watau hukuncin shiga tattakin da ake yi don tara kuɗin taimakon masu cutar mantuwa, musamman idan uba ko uwa ne suka kamu.

Ita wannan cuta ana kiranta Alzaima, da sunan wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, wanda ya fara bayaninta a 1906. Wasu sinadarai ne ke taruwa a ƙwaƙwalwa har ƙwayoyinta su riƙa mutuwa. Da farko mutum yakan mance abin da ya faru ɗazu, sa'an nan ya ɓace hanyar gidansa, daga bisani ya kasa gane ɗan cikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ke fama da ruɗewar hankali irin wannan, kuma Alzaima ce sanadin kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari. Har yau ba a sami maganin da ke warkar da ita ba, sai dai na rage kaifinta.

A Amurka akwai ƙungiyar yaƙi da wannan cuta wadda aka kafa a Shikago a 1980. Tun 1989 take shirya tattaki kowace shekara, yanzu kuwa ana yinsa a garuruwa fiye da 600. Mutum yakan nemi gudummawa daga dangi da abokai, ya taka 'yan mil kaɗan tare da jama'a, kuɗin kuma a sa su wajen bincike da taimakon majinyata. Kowa yakan riƙe fure: shuɗi ga mai cutar, shunayya ga wanda ya rasa nasa, rawaya kuwa ga mai jinya.

To, asalin wannan aiki halal ne, har ma akwai lada a cikinsa idan niyya ta gyaru. Allah Ya umarce mu da taimakon juna a kan alheri a aya ta 2 ta Suratul Ma'ida. Ya kuma tabbata a Buhari cewa babu cutar da Allah Ya saukar face Ya saukar da maganinta, saboda haka kuɗin da aka kashe wajen neman maganin ba asara ba ne. Kasancewar masu shirya tattakin ba Musulmi ba ne ba ya hanawa, domin Manzon Allah ya halarci alkawarin Hilful Fuduli na kare wanda aka zalunta tun kafin annabci, ya kuma yabe shi bayan annabci. Amma fa da sharuɗɗa: kada salla ta fita daga lokacinta, a kiyaye sutura, a guji riya. Kuma sadaka za a bayar, ba zakka ba, domin ita zakka tana da mutanenta takwas da aka lissafa a aya ta 60 ta Suratut Tauba.

Sai dai ga inda gizo yake saƙa. Tattaki na safiya ɗaya ne, jinya kuwa ta shekaru ce. Akwai wanda zai riƙe furen mai jinya ya ɗauki hoto, alhali kuwa ya bar ƙanwarsa ita kaɗai da wankin tsohuwa da ba ta abinci a baki, wata uku bai ko buga waya ba. Wannan ya yi nafila ya bar farilla. Ku tuna da mutumin da ya zo neman izinin fita jihadi, Annabi ya tambaye shi ko iyayensa na raye, da ya ce i, sai ya mai da shi ga hidimarsu. Idan jihadi bai ɗauke wa ɗa wannan nauyi ba, ina ga tattaki?

Alƙur'ani bai ɓoye mana wannan hali ba. A aya ta 70 ta Suratun Nahli an ambaci wanda ake jinkirta wa har tsufa ya shafe masa abin da ya sani. A aya ta 23 ta Suratul Isra'i kuwa an hana ɗa ko da tsaki ga iyayen da tsufa ya riske su a wurinsa. Mahaifin da ya yi maka tambaya ɗaya sau goma ba da gangan yake yi ba. Ka amsa ta goma kamar ta farko. Wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami, ba a binsa salla ko azumi. Kai ne alƙalami ke rubutawa a kanka.

Mu ma a nan gida muna da rabonmu. Sau da yawa tsohuwar da ta ruɗe, tana yawo tana sambatu, akan jefe ta da maita ko a kulle ta a ɗaki don kunyar mutane. Wannan zalunci ne. Cuta ce, asibiti za a kai ta, a haɗa da addu'a. Ranar 21 ga Satumba ta kowace shekara an ware ta a duniya domin faɗakarwa kan wannan cuta, kuma ya kyautu limamanmu su ambace ta a huɗuba.

Saboda haka wanda ya sami hali ya yi tattakin, Allah Ya ba shi lada. In ya gama, sai ya nufi ɗakin mahaifinsa. Ko da tsohon bai gane shi ba, Allah Ya gane shi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan iyayenmu, Ya sa mu gama da su lafiya. Wassalamu alaikum.