Kare a Ƙofar Kanti: Haƙƙin Dabba da Haƙƙin Jama'a

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ƴan uwa, akwai wata muhawara da ta daɗe tana gudana a ƙasashen Turai da Amurka: shin mai kiwon kare don sha'awa yana da ikon shiga da shi kanti, ko gidan abinci, ko duk wurin da jama'a ke taruwa? Wani zai ce ina ruwan muridi da wannan magana. To, ruwanmu yana ciki. Muna da ƴan uwa da ke karatu ko neman abinci a Faransa da Beljiyam da Amurka, wasu na tsaron kanti, wasu na tuƙin taksi, kuma kullum sai sun yanke shawara a kan wanda ya tsaya a ƙofarsu riƙe da igiyar kare. A nan gida ma, a Yamai da Maraɗi, an fara ganin samari suna kiwon karnukan waje don ado, suna yawo da su da maraice. Bayan wannan kuma, tambayar ta ladabi ce, tarbiyyar ɗariƙa kuwa ladabi ce daga farkonta har ƙarshenta.

Mu fara da yadda masu abin suka tsara shi. A Faransa dokar tsafta ta hana shiga da dabba shagunan sayar da kayan abinci, amma a gidan cin abinci mai wurin ne ke zaɓa, shi ya sa za ka ga kare kwance ƙarƙashin tebur a Paris ba wanda ya ɗaga kai. A Ingila ma zaɓin na mai wurin ne, muddin dabbar ba ta kusanci inda ake girki ba. Amurka ta fi tsanani: ƙa'idar hukumar abinci ta ƙasar ta hana dabbobi cikin gidajen abinci, sai a 2022 ta sassauta aka yarda da kare a teburan da ke waje, in hukumar yankin ta amince. Duk da wannan bambanci, ƙasashen uku sun haɗu a kan abu guda: karen da aka horar don yi wa makaho jagora ba a hana shi shiga. Amurka ta tabbatar da haka a dokar naƙasassu ta 1990, Faransa a dokokin 1987 da 2005, Birtaniya kuma a dokar daidaito ta 2010. Ke nan mutanen da suka fi kowa son kare, su ma sun raba tsakanin karen larura da karen sha'awa.

Da yawa daga cikinmu suna rufe maganar da kalma ɗaya: kare najasa ne. Wannan shi ne ra'ayin mazhabar Shafi'iyya da Hambaliyya, kuma suna da hujjarsu, wato hadisin da ya yi umarni da wanke ƙwarya sau bakwai idan kare ya yi lallagi a cikinta. Amma mu da muka taso da Iziyya da Risala, abin da aka karantar da mu shi ne duk mai rai tsarkakakke ne, shi da guminsa da yawunsa, har da kare. Malikawa sun ɗauki wankin nan sau bakwai a matsayin bauta da bin umarni. Imamu Malik, Allah Ya ƙara masa yarda, ya kafa hujja da cewa aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarren kare ya kamo, alhali da bakinsa ya kamo shi. Haka kuma Bukhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa a zamanin Manzon Allah (SAW) karnuka kan ratsa ta masallaci, kuma ba a yayyafa ruwa saboda haka. Don haka a mazhabarmu, in kare ya goge ka ba lalle sai ka sake tufa ba kafin ka yi salla.

Sai dai tsarkin jiki ba shi ne izinin kiwo ba. Hadisai ingantattu sun nuna cewa wanda ya riƙi kare ba don farauta ko kiwo ko noma ba, ladarsa na raguwa kowace rana, kuma mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da kare yake. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya tafi a kan haka a Risala. Amma masu sharhinta sun kawo cewa da katangar gidansa ta faɗi kuma ya ji tsoron miyagu, shi da kansa ya ajiye kare, ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki ma zai ajiye. Abin da za mu fahimta a nan shi ne, shari'a tana auna kare da amfanin da ya kawo shi. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Makiyayin Azawak da dogon karensa mai tsaron garke, da mafarauci da ke fita daji da rani, da manomin da ke tsaron lambunsa, babu wanda ya ce sun yi laifi. Kuma babu ɗayansu da ya taɓa ganin cewa dole sai karensa ya zauna kusa da shi a rumfar mai tuwo.

To, idan najasa ba ita ce hujjar ba, mece ce? A ganina ita ce haƙƙin waɗanda ba a tambaye su ba. Gidanka naka ne, wanda ya shigo ya san abin da zai tarar. Kasuwa da kanti da gidan abinci kuwa na kowa ne: yaro ɗan shekara uku da tsayinsa daidai da bakin karen, da tsohuwar da aka taɓa ciza tana ƙarama, da mai cutar da gashin dabba ke tayar masa, da Bashafi'en da in yawun kare ya taɓa rigarsa sai ya wanke ta sau bakwai kafin azahar. Duk waɗannan sun zo sayen shinkafa ne ko cin abinci. Mai karen shi ya zaɓi kiwonsa, shi ke jin daɗinsa, amma da ya shigo da shi sai ya raba nauyin ga kowa. Hausawa sun gama magana da suka ce kowa da kiwon da ya karɓe shi, wai maƙwabcin mai akuya ya sayi kura.

Sunnar Manzon Allah (SAW) ta koyar da mu wannan ma'auni a wurare da yawa. Ya umarci wanda zai ratsa kasuwa ko masallaci da kibau ya dafe tsininsu don kada ya yanki wani. Kibiya halal ce, mai ita kuma bai yi niyyar cutar da kowa ba, duk da haka nauyin kiyayewa a kansa aka ɗora, ba a ce jama'a su dinga kaucewa ba. Ya ce wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa ko albasa ya nisanci masallaci. Albasa tsarkakakkiya ce, amma warinta na damun na kusa. Ya kuma lissafa kame cuta cikin haƙƙoƙin hanya. Darasin guda ne: abin da yake halal a hannunka yana iya zama zalunci idan ka kai shi inda wasu ba su da mafita.

A ƙasarmu lamarin ya fi nauyi saboda dalili biyu. Na farko, yadda muke ci da sayarwa. Shiga babbar kasuwar Yamai ko kasuwar Dole ta Damagaram ka duba: tumatir a ƙasa kan buhu, kilishi a shanye, ƙosai a faranti, mutane zaune kan tabarma suna ci da hannu, buta da dardumar salla a bakin shago. Duk abin da muke ci yana daidai hancin kare. Na biyu, ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta hanyar kare suka kamu, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana, da wuya a rayu. Baturen da ke zama da karensa a gidan abinci yana zaune ne a ƙasar da aka daɗe da kawar da wannan ciwo daga karnukanta ta hanyar allurar rigakafi. Wanda ya kwaikwayi zaman ya bar allurar, ya ɗauko rabin al'ada ne, kuma rabin da ya fi haɗari.

Adalci ne mu saurari masu ɗaya ra'ayin. Suna cewa karensu horarre ne, ya fi wasu mutane natsuwa. Suna cewa akwai tsofaffi a biranen Turai da ba su da kowa sai wannan dabbar, hana su shiga da ita tamkar kulle su ne a ɗaki. Wannan magana ta biyu tana da nauyi, kuma wanda ya san ciwon kaɗaici ba zai yi mata dariya ba. Shi ya sa nake ganin hikima a tsarin da ya bar teburan waje ga masu karnuka, ko ya bar mai wuri ya rubuta a ƙofarsa cewa ana shiga da su, ta yadda kowa zai shiga da saninsa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mayar da alfarma ta zama haƙƙi. Maganar horo kuwa, mai kare ne ya san halin karensa, yaron da ya gani ya firgita bai sani ba. Shi kansa karen, a riƙe shi da gajeriyar igiya cikin hayaniya da zafi da ƙamshin naman da ba za a ba shi ba, sau da yawa daɗin na ubangidansa ne kawai.

Yanzu ga inda mu Musulmi ya kamata mu binciki kanmu. An sha kai direbobin taksi kotu a Birtaniya saboda sun ƙi ɗaukar makaho da karen jagoransa, kuma a cikinsu akwai waɗanda suka kafa hujja da addini. Wannan kuskure ne babba. Karen nan idon bawan Allah ne. Shari'ar da ta halatta kare don tsaron tumaki ba za ta haramta shi don tsaron ɗan Adam daga faɗawa rami ba. A 2008 malaman shari'a a Birtaniya suka ba da fatawa da ta ba wani saurayi makaho damar zuwa masallaci a birnin Lesta da karensa, aka tanadar wa karen wurin jira a wajen ɗakin salla. Salla ba ta ɓaci ba, makahon bai rasa jam'i ba. Ɗan uwa mai taksi ko mai kanti a ƙasar waje, in irin wannan ya tsaya a ƙofarka, shimfiɗa wani ƙyalle ka buɗe masa. Barin makaho cikin sanyi a bakin titi ya fi yawun kare nauyi a mizani.

Sannan akwai cutar da ta fi ɓuya, ita ce wulaƙanci. Mun mayar da sunan kare zagi. Yaranmu na jifansa da dutse muna kallo, wani lokaci har da dariya. Alhali hadisi ya ba mu labarin mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishi, da wata mace mai aikin alfasha da aka gafarta mata a kan irin wannan aiki. Alƙur'ani ya ambaci karen Ashabul Kahafi kwance a bakin kogo, ana karanta labarinsa kowace Juma'a. Fariduddin Aɗɗar ya kawo a Tazkiratul Auliya cewa Abu Yazid Albisɗami ya taɓa tattare rigarsa da kare ya matso, sai aka fahimtar da shi ta bakin karen cewa abin da zai shafa wa rigar ruwa kaɗan na wanke shi, amma girman kan da ya sa aka tattare ta tekuna ba sa wanke shi. Duk muridin da ya hana kare shiga rumfarsa, ya dubi zuciyarsa a lokacin: jama'a yake karewa, ko kansa yake ɗaukakawa? Aikin a zahiri ɗaya ne, amma ɗaya ladabi ne, ɗayan kuma hijabi.

Saboda haka ga abin da nake ba kaina da ƴan uwana shawara. Mai kare, bar shi inda aikinsa yake, ka ciyar da shi, ka ba shi inuwa da ruwa, ka kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allura, in za ka fita da shi ka ɗaure shi ka kauce wa taro. Mai shago, kana da ikon cewa karen sha'awa ya tsaya a waje, amma ka faɗa da sakin fuska, in da hali ka ajiye ɗan kasko na ruwa a gefen ƙofa, musamman a watannin zafi. Karen jagora kuwa ka bar shi ya shiga da mai shi. Uba da malamin allo, ku hana yara jifa kamar yadda kuke hana su zagi. Wanda kuma kare ya ciza, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya likita a ranar, kada a jira a ga abin da zai faru.

Allah Ya sa mu cikin masu jin ƙan halittunSa, Ya kiyaye bayinSa daga cutarwar hannuwanmu da abin da muka mallaka, Ya wanke zukatanmu daga girman kai, albarkar Shugaban halitta (SAW). Amin.